Fuffuken da Aka Kife

Kwana uku Hussaini ya yi a kulle kan ran da ba shi ya ɗauka ba, kuma har yau cikin waɗanda suka jefi ƙofarmu a unguwar Dogo Tebo babu wanda ya tako ya ce a yi haƙuri. To tunda ƙafarku ta yi nauyi, ga labarin nan, ya same ku har gida. Ni ce uwarsa, ni na haife shi, ban ɓoye ba. Abin da ban gani da idona ba, daga bakin Insifekta Babaji na ji shi, da bakin waɗanda suka tsaya a wajen.

Ranar Asabar ce cikin damina. Wajen ƙarfe tara na safe aka bugo waya ofishin 'yan sanda, wai mota ta kife a hanyar Fika, mutum yana ciki ya kasa fita, jama'a kuma suna neman kashe wani. Insifekta Babaji ya ture kofin shayinsa, ya ce Kofur Auwal ya tayar da mota.

Abin da suka tarar a kwarin gefen kwalta ba mota ba ce irin wadda kuka sani. 'Yar gajera ce, kujera ɗaya tak, an kewaye ta da bututun ƙarfe kamar keji. A bayanta akwai wani faffaɗan ƙarfe a kan ƙafafu biyu, shi suke kira fuffuke. Shekara biyu Hussaini yana haɗa ta da tarkacen gareji da kayan gwanjo, saboda wata gasar motocin ƙirar gida da makanikai za su yi a Damaturu bayan kaka.

Wanda ke ciki Nuraddeen ne, direban tirela, abokin Hussaini tun suna yawo ba wando. Bututu ɗaya ya lanƙwashe ya danne masa ƙirji. Minti arba'in ana yanka ƙarfe da zarto, yana ciki yana salati, yana cewa a yi sauri. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Hussaini kuwa yana ƙasa, ana tattaka shi. Insifekta ya kutsa cikin mutane, ya danna masa ankwa, ya jefa shi bayan mota. Ankwar nan ita ta cece shi ranar. Wannan gaskiya ce, zan faɗe ta.

Akwai wani tsoho da ke noma a gefen hanya. Insifekta ya ja shi gefe.

"Baba, me ka gani?"

"Na ga ta taho tana ƙara kamar injin niƙa. Da ya kusa kwanar can, sai na ga yana kokawa da wani abu a gefensa, yana ja yana duka."

"Ya taka birki?"

"Ni ban san birki ba, ranka ya daɗe. Bayanta dai na ga ya tashi sama, kamar jaki zai yi harbi. Daga nan ta wuntsila."

Aka taru aka tayar da motar a kan tayoyinta. Insifekta ya kama sandar giya ya ja. Ko motsi. Ya sa hannu biyu. Ta cije a giya ta huɗu kamar an yi mata walda. Ya fito da wayarsa ya ɗauki hoto ta gaba, ta baya, ta gefe, sannan ya ce a ɗora ta a kai ofis.

A ofis Di-Pi-O bai ko bar shi ya zauna ba.

"Babaji, wannan ai ba ya buƙatar bincike. Wa ya ƙera mota?"

"Hussaini, Yallaɓai."

"Wa ya sa marigayi ya shiga?"

"Shi."

"To rubuta. Sakaci ne da ya jawo asarar rai. Talata a kai shi kotu. Leƙa waje ka ga direbobin tirela. In na sake shi, su za su yanke masa hukunci a titi."

Haka ne kuwa. A waje ana jiransa, a ciki ana jiran Talata. Ɗakin da aka sa shi mutum goma sha ɗaya ne, bokiti ɗaya, taga kamar tafin hannu.

Da la'asar ɗin ranar aka jefi ƙofarmu. Da na je gaisuwa gidan su Nuraddeen, yaron da ya ci tuwona ya fi sau ɗari, a zaure aka tare ni aka ce in koma. Ina fitowa na ji Ba Mala a kan tabarmar maza yana cewa, "Na sha gaya wa yaron nan ya bar wasa da rayukan mutane." Ba Mala shi ne babban mai ƙera bodin tirela a garejin. A hannunsa Hussaini ya koyi walda shekara bakwai, kuma rumfar da motar ke kwana a jikin shagonsa take. Maganarsa a garejin nan kamar ta alƙali ce. Da ya faɗi haka, kowa ya gyaɗa kai.

Lahadi da hantsi Insifekta ya sa aka fito da Hussaini. Idonsa ɗaya a kumbure, bai ci komai ba tun jiya.

"Ina kake lokacin da motar ta tashi?"

"A ƙarshen hanya, Yallaɓai, ta ɓangaren Fika. Tun Laraba ina Fika, ina gyaran wata tarakta. Asabar ta sama muka sa za mu gwada. Sai ya bugo mini ranar Juma'a, ya ce lodin shanu ya same shi zuwa Legas, Lahadi zai tafi, mu gwada gobe. Shi ya jawo ta daga gareji da napep. Ni na taho daga Fika na tsaya can da agogon waya, na ce masa taho."

"Wato ba ka duba ta ba."

Hussaini ya sunkuyar da kai.

"Ban duba ba. Talata na gama komai na rufe ta da tamfol. Wannan laifin nawa ne, ku rubuta."

"Makullin rumfar fa?"

"Cikin tsohuwar taya yake, a bakin ƙofa. Duk layinmu an sani."

Insifekta ya tura masa wayar a kan tebur. Hussaini ya kalli hoton farko ya kawar da kai. Ya kalli na biyu. A na uku ya tsaya.

"Ka riƙe ta a juye, Yallaɓai."

"Daidai take. Ga ƙasa, ga sama."

Ya cafki wayar da hannu biyu, ankwa tana ƙara.

"Wa ya kife fuffuken?"

"Yi mini bayani. Ni ɗan sanda ne, ba bakanike ba."

"Ka san marar kwasar tuwo? Haka na buga shi, yana da ciki yana da doro. Cikin sama yake kallo, doron yana ƙasa. In mota ta ɗauki gudu, iska ta danna shi, tayoyin baya su kama kwalta kamar an ɗora musu buhu biyu. In ka kife shi doro ya koma sama, ya zama na tsuntsu. Ɗaga ta zai yi."

Insifekta ya tuna jakin da tsohon nan ya ce.

"Ko kai ka yi kuskure?"

"Wata uku ina bugun ƙarfen nan. Duba wayata, tana kanta. Na ɗauki hoto ranar Talata."

Aka ɗauko wayar. Ga motar a rumfa, ga fuffuke, cikinsa yana kallon sama.

"Me zai sa mutum ya kwance shi?"

"Ƙafafunsa a jikin giyabos, akwatin giya, suke ɗaure. Ba ka isa ka taɓa giyabos ba sai ka sauke..." Ya miƙe tsaye. "Yallaɓai, don Allah a kai ni wajen motar."

A bayan ofis take, kusa da baburan da aka kama. Kofur Auwal ya kawo sifana. Da ankwa a hannunsa Hussaini ya kwance noti takwas, ya ɗaga murfi. Wani baƙin mai ya zubo, mai kauri, da yashi a ciki.

"Wannan ba nawa ba ne."

"Kowane ɓarawo haka yake cewa," in ji Kofur.

"Ƙyale shi," in ji Insifekta. "Ta yaya ka sani?"

"Irinsu ɗaya daga waje, na tsohuwar ƙaramar mota ne. Amma nawa na canza masa ciki. Giyabos na kasuwa kamar matakalar bene ce mai nisa, in ka tashi daga ɗaya zuwa biyu sai injin ya yi haki. Ni giyabos biyar na fasa, na zaɓo haƙoran da suka dace, na matso da matakan kusa da juna. Injina ƙarami ne, da wannan kaɗai zan ci gasar. Dubi wannan. Haƙoransa sun cinye, ga tsatsa. Wannan gawa ce, Yallaɓai."

Insifekta ya durƙusa ya goge gefen ƙarfen da tsumma. Ga wani zagaye na fenti ruwan ɗorawa, an ja masa layi biyu a gicciye.

"Alamar wa?"

"Zagayen na Bubayaro ne, mai kayan gwanjo," in ji Hussaini.

Litinin da safe suka nufi gareji. A hanya Insifekta ya ce Kofur ya ƙara wuta. Ya fitar da hannunsa ta taga, ya lanƙwasa tafin yana kallon sama. Iska ta danna hannun ƙasa. Ya kife shi, hannun ya yi sama har ya bugi ƙarfen taga. Sau uku yana yi. Kofur yana satar kallonsa.

Shagon Bubayaro cike yake da injuna da giyabos har rufi, kowanne da zagayensa na ruwan ɗorawa. Aka dire masa nasa a gabansa.

"Ka san wannan?"

"Wallahi ban taɓa ganinsa ba."

"Bar wallahin tukuna. Fentin da ke farcenka fa?"

Bubayaro ya ɓoye hannu cikin aljihu.

"Oh, wannan! Na tuna. Hussaini na sayar wa."

"Yaushe?"

"Alhamis."

"Alhamis yana Fika a ƙarƙashin tarakta. Na yi magana da mai taraktar jiya. Kofur, ankwa nawa ka taho da ita?"

"Tsaya, Oga, tsaya! Mu yi maganar mutunci. Ban sayar wa kowa ba. Gicciyen nan yana nufin ya mutu. Yana cije ta huɗu, in ta shiga ba ta fita. Na yar da shi a tarin ƙarafan da ke bayan shago, ina jiran masu sayen ƙarfe a awo. Alhamis da safe na ga babu shi."

"Me ya sa ka yi ƙarya?"

"Oga, an ce giya ce ta kashe mutum, ga alamata a jiki. Kai fa?"

"Wa ke ɗiba a tarin?"

"Kowa. Mai neman abin danne kwanon rufi, mai neman uwar maƙera. Mu fi mutum ɗari biyu a garejin nan."

"Ranar Asabar da aka fito da motar, wa ka gani?"

"Marigayi, da mai napep. Sai Ba Mala da ya taya su turo ta daga rumfa."

Mutum ɗari biyu, makulli a cikin taya, gobe kotu. Insifekta ya ce mini a lokacin ji ya yi kamar shi ma an rufe shi a ɗakin nan mai bokiti ɗaya.

Ya wuce shagon Ba Mala. Hadari ya haɗu ta gabas. Tsohon yana zaune a kan benci da carbi, gemunsa fari tas. Ya tashi ya ba Insifekta wuri, ya sa aka kawo ruwa.

"Ba Mala, kai ne maƙwabcin rumfar. Ka ga wani ya shiga tsakanin Laraba da Juma'a?"

"Ni aikina nake. Ga bodi biyu ana jira."

"Ka taɓa sa hannu a motar?"

"Allah ya kiyaye. Shekara arba'in ina ƙera abin da ke ɗaukar shanu talatin daga nan har Legas. Zan tsaya wasan yara?"

"Ranar Asabar ka ga fitarta?"

"Ban zo ba sai azahar. Ƙafa ta dame ni."

Insifekta ya ɗauki kofin. Ya sha ruwa, yana kallon bango. An yi rubutu da alli, layi huɗu, kowane layi lamba biyu.

"Wannan fa?"

"Awon katako ne."

Kafin ya rufe baki ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya gudu rumfa. Amma Ba Mala, mai ciwon ƙafa, sai ga shi tsakiyar fili ruwa yana dukansa. Ya kife wani madigadi, ƙarfen da ke rufe saman taya. Ya kife kwanon siminti. Ya bi duk wani ƙarfe mai lanƙwasa da aka bari a waje yana juya shi, yana faɗa.

"Sau nawa zan faɗa! Ƙarfe ba ya zama da baki a sama!"

Ya dawo yana ɗiga. Insifekta ya matsa masa a benci.

"Duk wannan wahalar ta mece ce, Ba Mala?"

"Kai ba za ka gane ba. In ka bar ciki yana kallon sama, ruwa ya kwanta, tsatsa ta ci, wata shida ya ɓule. Doro a sama, ruwa ya zube. Shi ne abu na farko da ake koya wa mai ƙera bodi. Ni ko cikin barci aka ba ni ƙarfe, haka zan ajiye shi."

"Allah ya ƙara basira," in ji Insifekta. Da tsohon ya shiga canza riga, ya ɗauki hoton bangon.

Da la'asar ya sake sa aka fito da Hussaini.

"Haƙoran giyabos ɗinka, ka rubuta su a wani wuri?"

"A'a. A kaina suke. Ko Nuraddeen bai sani ba."

"Faɗa mini."

"Ta ɗaya, sha huɗu da talatin da uku. Ta biyu, sha takwas da ashirin da tara. Ta uku, ashirin da ɗaya da ashirin da shida. Ta huɗu, ashirin da uku da ashirin da huɗu."

Insifekta yana bin hoton da yatsa. Layi huɗu, babu wanda ya kuskure. Ya juya masa wayar.

Hussaini ya daɗe yana kallo. Ya san bangon, ya san rubutun. Shekara bakwai yana yanka ƙarfe a kan lambobin da wannan hannun ya rubuta.

"A'a, Yallaɓai."

"Ka san hannun?"

"A mayar da ni ciki."

"Gobe kotu, Hussaini."

"Na ce a mayar da ni."

Kun ji irin ɗan da kuka jefa. Ya gwammace ɗakin bokiti da ya ambaci sunan ubangidansa. Ni da ina wajen da na mare shi.

Talata da safe Di-Pi-O ya ba Insifekta awa ɗaya, ya ce in ta wuce a zarce kotu. Aka ɗora motar da fuffukenta da aka kwance, aka sa Hussaini a baya da ankwa, aka nufi gareji. Ni ma na bi su a napep, ban tambayi kowa izini ba. Kafin a sauke motar wuri ya cika: makanikai, masu walda, direbobin tirela, har mahaifin Nuraddeen da aka riƙo.

Insifekta ya yi sallama, ya ce, "Kotu tana son hoton motar yadda take kafin hatsari. Wanda ake tuhuma ba zai taɓa ta ba. Ba Mala, kai ne babba a nan. Taimaka ka ɗora mana wannan a mazauninsa."

Ba Mala ya gyara hula. Ya ɗauki fuffuken, ko kallonsa bai yi ba, hannunsa ya juya shi, ya ɗora a kan ƙafafun. Doro a sama.

"Haka yake zama?"

"Haka kowane ƙarfe yake zama."

Insifekta ya ɗaga wayar Hussaini ya zaga da ita, mutane suna leƙe.

"Wannan hoton ranar Talatar da ta wuce ne. Mai motar cikin yake sa wa a sama, don iska ta danna ta ƙasa. Ranar Asabar a kife aka same shi, yadda Ba Mala ya ɗora yanzu. Wani ya sauke shi ya cire giyabos, ya sa matacce, ya mayar da shi yadda hannunsa ya saba."

"Masu ƙera bodi sun fi ashirin a nan," in ji Ba Mala. Muryarsa ta canza.

"Haka ne. Amma ɗaya ne ya ce mini bai zo ba sai azahar, alhali an gan shi yana tura motar da safe. Ɗaya ne kuma ke da haƙoran giyabos ɗin Hussaini a bangonsa."

Duk aka juya. Bangon fes, an goge.

"Na ɗauki hotonsa tun jiya," in ji Insifekta. "Kofur, shiga ciki. Duk abin da ka gani a kife, ɗaga shi."

Kofur ya ɗaga kwanon siminti, babu komai. Ya ɗaga madigadi. A can lungu akwai rabin durom. Ya ɗaga.

Ga giyabos a buɗe a kan buhu, mai tsabta, haƙoransa a jere a ƙasa. Kowane haƙori da ɗigon alli a kansa, yadda mutum ke yi in yana ƙirga yana tsoron ɓata.

Ba Mala ya nemi benci ya zauna.

"Aro na yi," ya ce. "Wallahi aro na yi."

"Ci gaba."

"Shekara arba'in sunana ake kira a garejin nan. Yanzu in na wuce sai a ce ga ubangidan Hussaini. Baƙi su zo daga Damaturu, su wuce ƙofata su shiga rumfar yaron da na koya wa riƙe walda. Na fara haɗa tawa a gida, ba wanda ya sani. Jiki na iya. Cikin giyar ne ya gagare ni. Na ce in ƙirga haƙoran kawai in mayar kafin ya dawo, ai sai Asabar ta sama za su gwada. Na sa wancan don kada wani ya ɗaga tamfol ya ga rami."

"Me ya hana ka mayarwa?"

Ba Mala ya kalli haƙoran da ke jere a ƙasa.

"Na buɗe, na kasa haɗawa. Kwana biyu ina fama."

"Ranar Asabar Nuraddeen ya zo. Ka san abin da ke cikin motar. Ka taya shi turawa."

"Na taya shi."

"Me ya hana ka ce masa ya tsaya?"

"In ce masa me? In ce ni Mala na shiga rumfar yarona na saci aikinsa, na kuma kasa mayarwa? A gaban mai napep?" Ya share fuska. "Na ce a raina zai ji giyar ta yi tauri, ya tsaya tun a farko. Direba ne."

"Ta ɗaya ta shiga, ta biyu, ta uku," in ji Insifekta. "Ta huɗu ce ta cije, ga kwana a gabansa. Ko a hakan da wataƙila birki ya cece shi, in da tayoyin baya suna ƙasa. Fuffuken da ka kife ne ya ɗaga su."

Ba Mala ya ɗago ya kalli fuffuken. Sai lokacin ya gane. Har zuwa wannan minti bai san ya yi kuskure a nan ba, shi a ganinsa gyara ya yi wa yaro.

"Ruwa zai kwanta a ciki," ya ce a hankali, kamar mai magana da kansa. "Na ga an bar shi a buɗe."

Mahaifin Nuraddeen ya yi salati, aka zaunar da shi a kan taya. Direbobi suka fara matsowa. Insifekta ya tsaya a gabansu.

"Wanda ya ɗaga hannu, tare za su tafi. Kun yi na Asabar, ya isa."

Ya karɓi makulli a hannun Kofur, ya buɗe ankwar Hussaini. Ita ɗin dai ya juya ya sa wa Ba Mala, da ɗuminta.

Hussaini bai kalli kowa ba. Ya shiga shagon ya durƙusa gaban buhun, yana tsince haƙoran ɗaya bayan ɗaya yana goge allin da rigarsa. Da aka zo wucewa da tsohon ta gabansa, ya ɗago.

"Ba Mala, da ka tambaye ni ai da na faɗa maka. Lamba takwas ce kawai."

Kofur ya dafa kan tsohon ya shigar da shi bayan mota, inda Hussaini ya zauna ranar Asabar, aka ja.

Mahaifin Nuraddeen ya zo gidanmu washegari, da sandarsa, shi da aka yi wa rashi. Ya zauna a zaure ya nemi gafara, muka yi kuka tare. Shi kaɗai.

Sauran ku kuma, na san ku. Na san wanda ya fara jifa, na san wadda ta tare ni a zaure, na san masu gyaɗa kai a kan tabarma. Ƙofar nan ta kwano lotsawa goma sha huɗu ce a jikinta. Hussaini ya ɗauko guduma zai gyara, aikin minti goma ne a wajensa, na ce ya ajiye. Tana nan yadda kuka bar ta. Kowa ya zo ya nuna mini tasa.